Afin Kaura Ranau

Shekarar da Sarki Tunau ɗan Barmo ya hau gadon Kurmasa, hankalin kowa a birnin ya ƙi kwanciya. Damina ta yi albarka, gero ya yi kai, amma mutane sai waige-waige suke yi. Jemagun da ke kan maɗacin ƙofar fada suka tashi da rana tsaka suka bar gari, ba su dawo ba. Fatar babban tambari ta tsage ba wanda ya taɓa ta. Fatake kuwa duk ayarin da ya shigo labarinsa ɗaya ne, wai Sarkin Tarkunda yana tara dawaki, maƙeransa ba sa ajiye guduma. Wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin ya kai gaba.

Amma ka san abin da ya hana fadar Kurmasa sakat a wannan shekara? Ba Tarkunda ba ce, wallahi. Afi ne.

Bari in gaya maka yadda Kurmasawa suka gaji afi, don kada ka ɗauka gaisuwa ce. Gaisuwa daban take: ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce ranka ya daɗe, ka tashi ka kama gabanka. Shi afi sai mutum ya kwance rawani, ya cire hula, ya bar kansa a buɗe, ya ɗebi ƙasa da hannu biyu a gaban wanda yake girmamawa, ya zuba a ka. Abin da yake nufi shi ne, ga ni na binne kaina a gabanka, raina ya zama naka. Kuma ba ya kakkaɓewa da kansa. Sarki ne zai sauko daga gado ya sa hannu ya kakkaɓe masa, wato ya tono shi ke nan, ya ɗauki nauyinsa da na gidansa muddin rai. Saboda haka sau ɗaya ake yin afi a duniya, ga mutum ɗaya. Wani bafaden zai tsufa a fada bai yi ba, kuma ba mai ganin laifinsa.

Galadima Shawai ne ya ɓata abin. Mutum ne mai zaƙin baki, wanda in ya yabe ka sai ka duba bayanka ko da wani yake. Ranar naɗin Tunau ya yi afi, kowa ya ce madalla. Kashegari ya sake. Jibi ma haka. Kuma ba ya ko kwance rawani, sai ya ɗan barbaɗa a kai kamar mai sa gishiri a miya, ya karkaɗe abinsa ya zauna. Fadawa suka ga fuskar Sarki tana washewa, habawa, sai kowa ya ɗauka. Mai neman gona afi, mai ƙarar maƙwabci afi, wanda ya makara zuwa fada afi. Abin har ya kai ana ɗebo yashi mai laushi daga rafi a zuba gaban gadon sarauta, don kada tsakuwa ta ji wa manya ciwo. Sarki kuwa yaro ne, abin yana yi masa daɗi, kuma ko sau ɗaya bai taɓa saukowa ya kakkaɓe wa wani ba.

Mutum ɗaya ne cikin manyan fada bai taɓa sa hannu cikin yashin nan ba: Kaura Ranau, shugaban mayaƙan Kurmasa. Tsoho ne mai furfura, da tabon sara daga kunne zuwa haɓa. Kullum zai zo ya durƙusa ya yi gaisuwa cikakkiya, ya koma wurin zamansa. Wannan abu shi ke cin ran Sarki, domin a wuyan Kaura ya girma, shi ya koya masa zama kan sirdi, kuma Baba yake ce masa kafin rawani ya shiga tsakaninsu.

Ana cikin haka jakadan Tarkunda ya iso. Majalisa ta cika har bakin zaure. Jakadan dogo ne mai yawan murmushi, tun daga ƙofa ya fara rarrafe. Da ya kai gaban yashi ya ɗiba ya zuba kan rawaninsa, ya ƙara, ya kuma ƙarawa, sannan ya sa hannun riga ya karkaɗe.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Ubangijina Sarkin Tarkunda yana gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa. Ya ce dawakin da ka ji yana tarawa ba don Kurmasa ba ne. Mutanen tsaunin kudu sun addabi fatakensa, zai je ya hore su. Roƙonsa ɗaya ne, a ba shi mashigin Gulbin Marke ya haye da rundunarsa, ya bi ta gefen ƙasarka ya wuce. Ko karan gero ba za a taɓa ba."

Sarki ya ce a kai baƙo masauki. Fitarsa ke da wuya Galadima ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, ka gani da idonka. Tun kaka da kakanni ba a taɓa jin Batarkunde ya yi afi a wannan zaure ba. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da takobi ya nema bai samu ba. Kai ga shi kwarjininka kaɗai ya kawo maka har gida. Wanda ya ba ka ransa, Zaki, ai ba ka hana shi ruwan gulbi ba."

Fadawa suka ɗauka gaba ɗaya, "Haka yake! Gaskiyar Galadima!"

Kaura ya ɗaga hannu. "Allah ya ba ka nasara, a ba ni izini."

Sarki ya ce, "Faɗi, Kaura."

"Wannan mutum bai yi afi ba. Rawaninsa ya yi wa wanka da yashi. Bai buɗe kai ba, bai jira ka ba, da kansa ya karkaɗe. Kuma jakada ransa ba nasa ba ne balle ya bayar, na wanda ya aiko shi ne. Labarin abin da fadar nan take so ne ya kai Tarkunda, suka ƙunso mana shi. Ranka ya daɗe, mashigin Marke shi ne ƙofar Kurmasa ta gaskiya, ba waccan ta jikin ganuwa ba. Muddin 'yan bakanmu suna bakin gulbi, ba dokin da zai hayo. In ka janye su, ba abin da zai rage tsakanin Tarkunda da mu sai rumbunan talakawa."

Galadima ya tafa hannu. "Ikon Allah! Yau kuma wanda bai taɓa ɗibar ƙasa gaban Zaki ba shi ne zai koya mana afi? Baƙo daga uwa duniya ya zo ya yi, ɗan gida ya ƙi. Ni dai ban ce komai ba, ranka ya daɗe. Amma ya kamata a tambayi Kaura, ko akwai wani gadon da yake ajiye wa nasa afin."

Kai, wannan magana ta yi muni, kuma kowa ya san ta yi muni, amma ba wanda ya ɗaga kai.

Sarki ya daɗe yana duban tsohon. Sannan ya ce, "Kaura, tun da na hau gadon nan nake zuba maka ido. Kowa ya yi, kai ka ƙi. Me ubana yake da shi wanda ni na rasa? Ga yashi nan gabanka. Yi yanzu, a gaban majalisa, bakin kowa ya mutu."

Kaura ya taso ya zo ya durƙusa dab da yashin. Fadawa suka miƙa wuya. Ya dafa gwiwoyinsa, bai taɓa ba.

"Ba ka rasa komai ba, Allah ya ja zamaninka. Ni ne ba ni da abin da kake nema. Na yi afina a fagen Dutsen Kura, ina saurayi, ranar da mahaifinka ya koma cikin masu da kibau ya ɗauko ni bayan kowa ya bar ni. Da ƙasar wurin na yi, mai tsakuwa da jini. Ya sauko daga doki ya kakkaɓe mini da hannunsa. Rai ɗaya gare ni, kuma na riga na bayar. In na ɗebi wannan yashi yau, na yi maka ƙarya, na yi wa wanda ke kwance. Ka aike ni cikin wuta zan shiga, domin kai ɗansa ne. Amma kada ka sa ni in ba ka abin da ba ya hannuna."

Sarki ya miƙe tsaye. "To, tunda ranka na wanda ke kwance ne, je ka zauna wurinsa. Shamaki, karɓi takobi da alkyabba. Daga yau Ranau mai gadin kabarin Barmo ne. Galadima zai riƙe runduna. A aika bakin gulbi, 'yan baka su dawo gida, a ba Tarkunda hanya."

Tsohon ya kwance takobi da kansa ya miƙa. Ya yi gaisuwa yadda ya saba, ya fita ba takalmi, bai waiwaya ba. Ni dai duk lokacin da na kai nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Da yamma Magajiya Hakama, yayar marigayi Barmo, ta dogara sandarta ta shiga wurin Sarki ba ta nemi iso ba. Ita kaɗai ke da wannan dama.

Ta ce, "Na ji aikin da ka yi. Zo in tambaye ka, ɗan ƙanena. Duk masu zuba yashin nan, mutum nawa ka sauko ka kakkaɓe wa?"

Sarki ya ce, "Haba Gwaggo, sarki zai riƙa saukowa ne don kowane mai ɗibar ƙasa? Ai sai in wuni a tsaye."

"Shi ya sa ubanka ba kowa yake bari ya ɗiba ba. Mutum nawa, na ce?"

Sarki ya kau da kai.

"To, ba ka da kowa," in ji ta. Ta juya ta fita.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Kasuwa tana ci rabi-rabi, mata suna kiran 'ya'yansu tun la'asar ba ta yi ba. Manoman gefen gulbi suka fara girbi gero bai gama bushewa ba. Wannan ya ce ya hangi hayaƙi, wancan ya ce ƙarya ne masu gawayi ne. Sarki ya kasa zama wuri ɗaya, ya hau soro ya sauko, ya sa a kira Galadima ya sallame shi, ya sake sa a kira shi. Galadima kuwa duk zuwa sai ya yi afi ya ce lafiya lau. Akwai wani abu kuma da ba wanda ya kula da shi a fada: tsofaffin mayaƙan da suka yi wa Barmo afi a zamaninsu, ɗaya bayan ɗaya suka riƙa sulalewa ta ƙofar gabas, suna zuwa taya Ranau sharar kabari.

Ran nan da hantsi sai ga mahayi a guje, doki ya yi kumfa, shi kansa da kibiya a cinya. Tun daga ƙofar fada yake ihu. "Sun hayo! Tarkunda sun hayo, ba su yi kudu ba! Sun cinna wa rumbunan Marke wuta, nan suka nufo!"

Tirƙashi! Gari ya ruɗe. Aka buga kuge, aka busa ƙaho, masu lifidi suna neman dawakinsu, dakaru suna neman shugabanninsu. Sarki ya sa sulke ya hau, ya ce shi ma da shi za a fita, don ko me za a ce game da Tunau, ba matsoraci ba ne. Kafin a tashi Galadima ya sauko daga doki a gaban runduna, ya ɗebi ƙasa ya barbaɗa kan kwalkwalinsa, ya ce, "Sai bayan raina, Zaki!" Manyan fadawa duk suka yi yadda ya yi.

Aka haɗu a filin da ke gabas da birni. Rundunar Tarkunda ta cika ido, ga tutoci, ga masu da takubba sai ƙyalli suke. Galadima bai san inda ake ajiye 'yan baka ba, ya tura su gaban dawaki a fili, aka tattake su tun karon farko. Da kibau suka fara sauka kusa da shi, sai aka ga dokinsa ya juya. Wasu sun ce tun farko da bakinsa a Tarkunda, wasu sun ce tsoro ne kawai. Ni ban sani ba. Abin da na sani, ya ranta a na kare, kuma duk masu afin safe da yamma suka rufa masa baya. Runduna ta ga manya sun juya, ita ma ta watse.

Sarki ya yi ta kira, ya yi ta kiran sunaye, ba wanda ya waiwayo. Aka soke dokinsa. Dogarai 'yan kaɗan suka janye shi a ƙafa, suka bi hanyar da ta nufi ƙofar gabas, dawakin Tarkunda a bayansu.

Wannan hanya kuwa akwai inda take matsewa, fadama a dama, dutse a hagu, ga wata babbar kuka a tsakani. A gindin kukar nan kabarin Barmo yake. Da Sarki ya iso yana haki, sai ya tarar an tare hanya. Tsofaffi ne, wani da gatari, wani da mashin da ya yi tsatsa, wani da sulken da ya yi masa yawa saboda tsufa ya rage shi. A gabansu Ranau ne bisa tsohon dokinsa, ba takobi, ba alkyabba, sai mashi ɗaya.

Sarki ya ja ya tsaya, kunya ta kama shi.

Ranau ya ce, "Wuce bayanmu, ranka ya daɗe. Ku buɗa masa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Dawakin Tarkunda suka iso a guje, amma wurin ba ya ɗaukar su da yawa. Waɗanda suka ratse dama fadama ta riƙe su har ƙirji. Waɗanda suka taho tsakiya suka tarar da mutanen da ba su zo da niyyar komawa gida ba. Tsofaffin nan ba ihu, ba kirari, sai sara da suka. Wanda ya faɗi, na bayansa ya taka wurinsa. Mayaƙan Kurmasa da suka gudu suka tsaya can gindin ganuwa suna kallo, sun kasa shiga gari, sun kasa dawowa.

Aka kora Tarkunda baya, suka sake taruwa suka dawo. A wannan karon aka sami Ranau da mashi a haƙarƙari, aka sari dokinsa, dokin ya tashi sama ya yar da shi. Ya faɗi da ka, rawani ya yi gefe, hula ta yi gefe. Ya kwanta ba motsi a tsakiyar hanya, furfurarsa ta cika da ƙasa.

Sarki ya fizge daga hannun dogarai.

"Zaki, kibau! Ranka ya daɗe, dawo!"

Ina! Ya ratsa tsofaffin ya fita gaba, ya zube gwiwa biyu a inda kibiya ke iya samunsa. Ya ɗaga kan tsohon ya ɗora bisa cinyarsa, ya sa hannu yana kakkaɓe ƙasar, yana kuka kamar yaron da ya ɓata a kasuwa.

Daga gindin ganuwa kowa ya gani. Sarkin Kurmasa a ƙasa, yana kakkaɓe wa bawansa kai da hannunsa. Samarin cikinsu ba su taɓa ganin haka ba, labari kawai suke ji. Wani barde da ya gudu tare da sauran ya zaburo dokinsa, ya diro gaban Sarki, ya cire kwalkwali ya jefar, ya ɗebi ƙasar hanya da tsakuwarta ya juye a ka, ya sunkuya yana jira. Sarki ya miƙa hannun da ke jiƙe da jinin Ranau ya kakkaɓe masa. Barden ya tashi fuskarsa ta sauya, ya juya ya yi wa na ganuwa tsawa. Sai ga su nan tafe, da masu doki da masu ƙafa, har da waɗanda suka yar da makamansu suna tsintar na ƙasa.

Sarki ya kwantar da tsohon a jikin kabari, ya ɗauki mashinsa ya shige gaba. Tarkunda sun zaci yaƙi ya ƙare, sun saki jere, wasu har sun fara kama dawakin ganima. Aka auka musu a matsi, na gaba suka danne na baya, na baya suka zuba fadama. Kafin la'asar ana korarsu a filin da suka ci da safe, kafin rana ta yi ja suna tsallaka Gulbin Marke ba ta mashigi ba, ruwa yana cin na ci. Tutar Sarkin Tarkunda a cikin laka aka tsince ta.

Sarki bai tsaya karɓar barka ba. Ya dawo gindin kuka, ya tarar tsofaffin da suka rage sun kewaye Ranau, sun ɗaure masa rauni, amma ba wanda ya taɓa kansa, domin ba hurumin kowa ba ne. Ya durƙusa ya ci gaba daga inda ya tsaya, yana tsince tsakuwa daga cikin furfura.

Tsohon ya buɗe ido da ƙyar. Ya saurari tambarin da ake bugawa daga nesa.

"Su wa ke gudu?"

"Su ne. Sun haye gulbi."

"To, a mayar da 'yan baka mashigi. Yau, ba gobe ba."

"An mayar."

Sai a sannan ya ji hannu a kansa. Ya ɗaga ido ya ga mai hannun, ya yunƙura zai tashi, ƙarfi ya ƙi. Ya haɗa gira yadda yake yi a majalisa.

"Ranka ya daɗe, kada a yi kuskure. Ba afi na yi maka ba. Doki ne ya kayar da ni."

Sarki ya ce, "Na sani, Baba."

Tsohon ya saki numfashi, ya lumshe ido, bai ƙara buɗewa ba. Ƙasa ta riga ta ƙare a kan tsohon, amma Sarki bai ɗauke hannunsa ba, kuma ba wanda ya iya ce masa ya tashi.